Gado da Abin Tunawa a Siyasar Ƙasar Hausa: Misali daga Sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya fita daga birnin Bauchi ya miƙi hanyar Ningi zai ci karo da suna ɗaya fiye da sau ɗaya kafin ya yi nisa. A Gubi ne mazaunin dindindin na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, kuma a wannan shiyya aka gina filin jirgin saman da ke ɗauke da sunan. Idan matafiyin ya juyo cikin gari zai tarar da filin wasa da asibitin koyarwa, duk da wannan suna, sannan ga kabarin mai sunan da aka kewaye da gini aka mai da shi wurin ziyara. A Legas akwai babban dandalin da ake kira da sunansa, kuma tun daga 1979 hotonsa ke kan takardar naira biyar. Amma abin da aka fi yabon marigayin da shi a bakin jama'a shi ne cewa ya riƙe ƙasa tun daga 1957 har zuwa 1966 bai tara wa magadansa dukiya ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin yadda waɗannan abubuwa biyu, wato yawan gine-ginen da aka sa wa suna da ƙarancin abin da aka raba wa magada, suka zama makamin muhawara a siyasar Arewacin Nijeriya. Za a fara da kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage, domin wani ɓangare na gardamar a cikin kalmomin yake kwance.

2.0 Kalmomin da Ake Gardama da Su

Daidaitacciyar Hausa tana rubuta kalmomi biyu da siga ɗaya, wato gado. Ta farko ita ce gadoo, mai gajeren wasali a gaɓar farko da karin sama a gaɓoɓin biyu, wadda ke nufin abin kwanciya, kuma daga nan aka samu gadon sarauta da ake hawa. Ta biyu ita ce gaadòo, mai dogon wasali a gaɓar farko da karin ƙasa a ta biyu, wadda ke nufin abin da mamaci ya bari. Kunnen Bahaushe ba ya rikita su, amma a rubuce jimla kamar "rikicin gadon sarauta" tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma a siyasar masarautu sau da yawa dukkan ma'anonin ne ake nufi. Haka aikatau ɗin yake da tasa matsalar, domin ƙaramin harafin "da" kaɗai ya raba "ya gaji ubansa" da "ya gaji da ubansa" a kan takarda.

Gado mai dogon wasali ya fi faɗi a bakin jama'a fiye da yadda yake a littattafan fiƙihu. A wurin alƙali, gado shi ne tarika: gida da gona da dabbobi da kuɗi, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya, a raba bisa kason da ya zo a Suratun Nisa'i, ayoyi na 11 da 12 da 176. A wurin jama'a kuwa ana gadon sana'a, kamar ƙira da jima da wanzanci, ana gadon sarauta, ana kuma gadon hali, kamar yadda karin maganar nan ta kyan ɗa ya gaji ubansa ta nuna. Bambancin da ke da muhimmanci a nan shi ne, tarika tana da magada sanannu da kaso ƙayyadadde, alhali gadon hali da na suna ba su da alƙalin da zai raba su. Kowa na iya cewa shi ne magajin Sardauna ko magajin Malam Aminu Kano, kuma babu kotun da za ta nemi ya kawo shaidu. Wannan ƙofa ce 'yan siyasa suka daɗe suna shiga ta cikinta.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, Hausa ba ta da kalma guda tilo da ta ƙunshi duk wani gini da hukuma ke yi don tunawa da wani mutum ko wani lamari. Gidajen rediyo da jaridu suna cewa "abin tunawa" ko "wurin tarihi" ko "kayan tarihi", gwargwadon abin da ake magana a kai. Siffar mutum da aka sassaƙa ana ce mata mutum-mutumi, kuma tazarar da ke tsakanin wannan kalma da gunki ba ta da yawa a zuciyar Musulmi. Shi ya sa aikin da mutum-mutumi ke yi a dandalin biranen Turai, da ma wasu biranen kudancin Nijeriya, a ƙasar Hausa abubuwa uku suka raba shi a tsakaninsu: kabari, da gidan da mutum ya zauna, da sunan da ake liƙa wa makaranta ko titi. Inda mutanen Biristol a Ingila suka tumɓuke mutum-mutumin Edward Colston a 2020 saboda dukiyarsa ta cinikin bayi ce, ko ɗaliban Jami'ar Cape Town suka sa aka ɗauke na Cecil Rhodes a 2015, a nan allon suna ake saukewa a ɗaga wani.

Ko wurin binne mamaci yana da sunaye masu daraja daban-daban. Kushewa kalma ce ta Hausa tun asali. Kabari aro ne daga Larabci, kuma shi ne ya fi yawo a zance. Makwanci sakaya ce ta girmamawa. Hubbare kuwa ya samo asali daga kalmar Larabci ta ƙubba, ya biyo ta Fulatanci, kamar yadda ɗafa-ƙeyar -re ta nuna, kuma da jin sa hankali ke tafiya ga Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato, inda ake zuwa ziyara da addu'a. Ana jin masu cewa kabarin Tafawa Ɓalewa, ana kuma jin masu cewa hubbarensa, kuma zaɓin ba banza ba ne: mai cewa hubbare ya ɗauki ɗan siyasa ya ajiye shi kusa da sahun shehunnai, ko ya sani ko bai sani ba.

3.0 Kabarin da Abin da Yake Faɗa

An haifi Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, kuma ba ɗan gidan sarautar Bauchi ba ne. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, ya je ƙarin ilimi Landan a 1945. A 1950 ya gabatar da ƙudurin nan a Majalisar Dokokin Jihar Arewa wanda ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara, abin da bai yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. Ya zama Firayim Minista a 1957, ya karɓi 'yancin kai a 1960. Ranar 15 ga Janairu 1966 sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a Legas, bayan wasu kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta, aka kawo ta Bauchi aka binne.

Ginin da ya kewaye kabarin ya zo ne bayan fiye da shekara goma. An fara shi a 1977, aka buɗe shi a 1979, a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Lokacin da aka zaɓa abin lura ne. Jihar Bauchi sabuwa ce a lokacin, tun da a 1976 aka ƙirƙiro ta, tana kuma bukatar abin da za ta nuna wa baƙi a matsayin nata. Sojoji kuma suna shirin miƙa mulki ranar 1 ga Oktoba 1979, kuma wanda ya karɓa, Alhaji Shehu Shagari, minista ne a gwamnatin marigayin. Ke nan rundunar da wasu hafsoshinta suka kashe mutumin ita ce ta gina masa wurin tunawa, a daidai lokacin da take son a yarda cewa ta mayar da amanar da aka ƙwace a 1966. A wannan shekara ce kuma aka fitar da takardun kuɗi masu hotunan Herbert Macaulay da Tafawa Ɓalewa da Alvan Ikoku, ɗaya daga kowace tsohuwar jiha ta Yamma da Arewa da Gabas, bayan an sa Janar Murtala Muhammed a naira ashirin a 1977.

Ginin kansa labari yake bayarwa. Mai ziyara yana shiga ta wani lungu mai duhu, haske na ɓullowa kaɗan-kaɗan, ya taka matakala mai kaushi sannan mai santsi, kafin ya fito fili inda kabarin yake, a cikin bango mai tsawo da aka yi wa ado da launuka iri-iri, ba tare da rufi ba. Masu yi wa baƙi jagora suna fassara duhun da zamanin mulkin mallaka, hasken da 'yancin kai, launukan da ƙabilun Nijeriya, rashin rufin kuma da sauƙin kan marigayin. Gini ne mai kyau da natsuwa, kuma wanda ya tsara shi ya san aikinsa. Sai dai labarin da yake bayarwa ya tsallake abin da ya kawo mai kabarin cikinsa. Babu lungun da ke wakiltar dokar ta-ɓaci da aka sa wa Jihar Yamma a 1962, ko ɗaurin Cif Obafemi Awolowo a 1963, ko tarzomar ƙasar Tibi ta 1960 da 1964, ko zaɓen tarayya na 1964 da na Yamma na 1965 waɗanda har yau ake gardamar sahihancinsu. Haka nan babu inda aka tuna da 'yan NEPU da suka sha ɗauri a kotunan alƙalai ƙarƙashin jam'iyyar NPC, wadda marigayin ne mataimakin shugabanta. Mutumin Ibadan da tsohon ɗan NEPU na Kano da ɗan Bauchi za su bi lungu ɗaya su fito fili ɗaya, kowannensu da tarihin da yake karantawa a bangon.

Akwai kuma gardama ta fuskar addini. A 1978, ana tsakiyar aikin ginin, aka kafa ƙungiyar Izala a Jos ƙarƙashin jagorancin Shaihu Isma'ila Idris, kuma hana gini a kan kabari da neman tabarraki da shi yana cikin manyan abubuwan da take wa'azi a kai, bisa hadisan da suka zo da hanin. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da yadda ake binne sarakunan Saudiyya a maƙabartar jama'a a Riyad ba tare da wani gini ba. Mabiya ɗariƙu kuwa suna ganin ziyarar makwancin bayin Allah al'ada ce da magabata suka yi, ga Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Sarkin Musulmi Bello a Wurno. Ko mene ne nufin wanda ya bar kabarin Bauchi babu rufi, sakamakon shi ne kabarin yana ƙarƙashin sararin sama, babu ƙubba a kansa, kuma hakan ya rage kaifin sukar da ginin zai iya sha daga ɓangare na farko.

4.0 Raɗin Suna da Sauke Shi

Jami'ar da ke Gubi ta sauya suna sau biyu a shekara takwas. An kafa ta a 1980 a matsayin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, ɗaya daga cikin irinta da gwamnatin Shagari ta buɗe. A 1984, da tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta haɗe ta da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta koma kwaleji mai sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wato dai an sake maimaita tsarin Jamhuriya ta Farko a kan allo, Sardauna a sama, Firayim Minista a ƙarƙashinsa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar mata da cin gashin kanta da sunan da take amsawa yanzu. A wannan ɗan tsakani ne Jami'ar Ife ta koma ta Obafemi Awolowo a 1987, ta Sakkwato kuma ta koma ta Usmanu Ɗanfodiyo a 1988.

Ba kowane raɗin suna ne ke zama lafiya ba. A 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da sanarwar mayar da Jami'ar Legas ta Moshood Abiola, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka ƙi, maganar ta mutu. A Kano, gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sa wa Jami'ar Northwest sunan Yusuf Maitama Sule a 2017, gwamnatin da ta gaje ta kuma ta mayar da tsohon sunan, kamar yadda ta rushe ginin shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati a 2023, wanda aka yi don cikar jihar shekara hamsin. A 2025, bayan rasuwar Buhari, gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar sa sunansa a Jami'ar Maiduguri, nan ma aka samu masu murna da masu ƙorafi. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne, mai iko na yau ne ke raɗa suna, ba tare da wata ƙa'ida ta tsawon lokacin da za a jira bayan mutuwa ko shawarar masu amfani da wurin ba, don haka mai iko na gobe ba ya jin nauyin warwarewa. Sunan Tafawa Ɓalewa ya tsira daga wannan ja-in-ja ne saboda an sa shi bayan shekara goma sha takwas da rasuwarsa, lokacin da babu wata jam'iyya mai rai da za a ce tata ce aka fifita.

Sai dai sunan yana da wata taƙaddama da ta fi wannan zafi. Tafawa Ɓalewa asalinsa sunan gari ne a kudancin Jihar Bauchi, wanda marigayin ya ɗauka kamar yadda 'yan makarantar zamaninsa suke ɗaukar sunan garuruwansu, irin su Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Bayanin da ya fi shahara shi ne sunan ya fito daga kalmomin Fulatanci biyu masu nufin fa da baƙi. Sayawa, waɗanda ke kiran kansu Zaar, suna da nasu sunan da suke kiran wurin da shi, wato Puji. Kowane ɓangare yana ɗaukar sunan da ya riƙe a matsayin shaidar cewa kakanninsa ne suka fara zama, kuma gardamar mallakar garin da ta sarautar Sayawa ta jawo asarar rayuka a 1991 da 1995 da 2001 da 2011, har majalisar dokokin jiha ta mayar da hedikwatar ƙaramar hukumar zuwa Bununu a 2012. Ya kamata masana harshe su yi hattara a nan, domin asalin kalma yana nuna harshen wanda ya raɗa sunan da ya ɗore ne kawai, ba ya yanke hukuncin wanda ya fara sare dajin.

Takardar naira biyar ma ba ta tsira ba. Tun asali takardun kuɗin Nijeriya suna ɗauke da ƙimarsu da Hausar ajami, don amfanin miliyoyin da suka yi karatun allo. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajamin daga naira 5 da 10 da 20 da 50, ya maye gurbinsa da rubutun boko cikin Hausa da Ibo da Yarabanci, a 2014 kuma aka cire shi daga sabuwar naira 100. Masu son a cire suna kiransa Larabci, suna ganinsa alamar addini ɗaya a kan kuɗin kowa, har maganar ta kai gaban Babbar Kotun Tarayya a Legas a 2020. Masu kare shi suna cewa Hausa ce, kuma gado ce da ta girmi zuwan Turawa. Yau dai tsadar rayuwa ta yi wa naira biyar abin da babu wata gwamnati da ta yi wa mai hoton, domin da wuya a ga mai karɓarta a kasuwar Wunti.

5.0 Dukiyar da Aka Bari da Wadda ba a Bari ba

Abin da aka fi faɗa game da tarikar marigayin shi ne gida da gona a Bauchi, inda yakan yi hutunsa, da iyali mai yawa. Irin wannan magana ake yi game da Sardauna da Malam Aminu Kano, kuma ta zama ma'aunin da talaka ke auna shugabannin baya da shi. Ƙarfinta yana fitowa ne idan aka ajiye ta kusa da labarin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu a 1998, wanda kuma aka yi ta dawo da kuɗaɗen da aka danganta da shi daga bankunan waje: fiye da dala miliyan 300 daga Suwizalan bisa yarjejeniyar 2017, da wasu fiye da miliyan 300 daga tsibirin Jersey a 2020. Duk da haka babban filin wasa na Kano yana nan da sunansa, kuma yana cikin waɗanda gwamnatin tarayya ta karrama a bikin cikar Nijeriya shekara ɗari a 2014. Ashe ke nan allon suna ba ya bambanta wanda ya bar gona ɗaya da wanda ake bin sawun dukiyarsa a ƙasashe.

Yabon talaucin shugaba yana da amfani a siyasa ta hanya biyu masu karo da juna. 'Yan adawa suna amfani da shi don kunyata masu mulki, su kuma masu mulki suna zuwa kabarin da tawaga su yi addu'a su ce su ne magada. Amma yabon yana da rauni a matsayin hujja. Tsabtar hannun Firayim Minista ba ta hana a zargi wasu ministocinsa da karɓar kashi goma cikin ɗari na kwangila ba, wanda yana cikin dalilan da masu juyin mulkin 1966 suka bayar, kuma tun kafin nan an yi binciken Foster-Sutton a 1956 kan bankin da ke da alaƙa da Dokta Nnamdi Azikiwe, da na Coker a 1962 kan hukumomin Jihar Yamma. Idan aka mayar da maganar amana ta zama ta halin mutum ɗaya, sai a manta da tambayar da ta fi muhimmanci, wato wace doka ce za ta kama wanda ba shi da wannan hali. Bayyana kadarori ga hukuma ya shiga tsarin mulki a 1979, amma bayyana su ga jama'a ya zama ganin dama, shi ya sa har yau ake ambaton Umaru Musa 'Yar'aduwa da ya yi hakan a 2007.

Daga nan wata tambaya ke tasowa, wato wa ke da alhakin iyalin shugaban da bai tara ba. Dokar 1999 kan haƙƙoƙin tsofaffin shugabannin ƙasa ta tanadi wani abu ga iyalan waɗanda suka rasu. Amma wannan hujja ta tausayi ita ce gwamnonin jihohi suka ɗauka suka yi wa kansu dokokin fansho masu gidaje da motoci, har jama'a suka harzuƙa, majalisar Zamfara ta soke tata a 2019.

Shigar hukuma cikin gadon talakawa kuwa tsohon ciwo ne a ƙasar Hausa. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa ƙwace dukiyar mamaci da sunan gado a cikin zaluncin sarakunan da ya yi wa jihadi. A zamanin En'e kotun alƙali tana cire ushira daga tarikar da ta raba. Gwamnatin soja ta kafa harajin miƙa dukiya a 1979, aka soke shi a 1996. Wannan tarihi ne ya sa, da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban Majalisar Tarayya a 2024, zargin cewa akwai harajin gado a ciki ya tayar da ƙura a masallatai da gidajen rediyon Arewa, kwamitin da ya tsara su ya yi ta musantawa, kafin a sa musu hannu a watan Yuni 2025. A Turai, masu neman a rage tazarar mai kuɗi da talaka su ne kan gaba wajen neman harajin gado. A nan kuwa talaka da malaminsa ne suka fi ƙin sa, domin a wurinsu rabo ne da Allah Ya yanka, kuma tsarin rabon da kansa yana farfasa dukiya tsakanin 'ya'ya da mata da iyaye cikin zuriya ɗaya ko biyu.

Wannan tsari yana da tasiri a kan gidajen tarihi. Wasiyya ba ta wuce sulusi, don haka mutum ba zai iya barin gidansa kacokan ga al'umma bayan ransa ba sai da yardar magada, in ba ya yi waƙafi da shi tun yana da lafiya ya kuma fitar da shi daga hannunsa ba. Gidan Arewa da ke Kaduna bai fuskanci wannan matsala ba, domin gidan gwamnati ne da Firimiya ya zauna, kuma a 1970 aka mai da shi cibiyar binciken tarihi. Gidan Mumbayya na Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, gidansa ne na kansa, kuma ya koma cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Gidajen malamai da mawaƙa da attajirai da dama kuwa an raba su ɗaki-ɗaki ko an sayar, littattafan da ke ciki suka watse a hannun magada.

Tafawa Ɓalewa ya bar abu ɗaya da bai shiga wannan rabo ba, wato littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim da shi a 1976. Labari ne na bauta da rabuwar uwa da ɗa, kuma ɗaliban Hausa da suka karanta shi sun fi waɗanda suka taɓa taka matakalar kabarin yawa nesa ba kusa ba.

6.0 Gubi Kanta

A Gubi ne tambayar gado ta sauko ƙasa. Duk wata jami'a ko madatsar ruwa da aka kafa a bayan gari a kan gonakin wasu take zaune, kuma Gubi tana ɗauke da duka biyun, domin daga madatsarta birnin Bauchi ke shan ruwan famfo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma idan an karɓe ta don amfanin jama'a, diyyar da doka ta sani ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Ita kanta gonar gado, wadda manomi ke gani a matsayin abin da kakansa ya bar masa kuma zai bar wa jikansa, ba ta da farashi a wannan lissafi.

Haka kuma sunan da ke ƙofa ba ya gyara abin da ke ciki. A watan Agusta 2019, bayan ruwan sama mai ƙarfi, wata gadar ƙafa ta karye a harabar jami'ar a Gubi, ɗalibai suka rasa rayukansu, aka rufe makarantar na wani lokaci. Raɗin suna sanarwa ɗaya yake bukata, kula da wurin kuma kasafi yake bukata kowace shekara, kuma ba a yanka zare a kan gyaran gada.

Ga masu nazarin harsuna akwai abin da ya fi kusa da aikinsu. Sunan Gubi ba na ƙauye kaɗai ba ne, sunan al'umma ne da harshenta. Masana sun rubuta harshen Gubawa, wanda ake kuma kira Shiki, a cikin rukunin harsunan Jarawa masu dangantaka da Bantu, kuma mazauninsa shi ne Gubi da Guru a arewacin birnin Bauchi. Kamar Geranci da sauran ƙananan harsunan da ke kewaye da birnin, ya ja baya ƙwarai a gaban Hausa, yara sun tashi ba su gaje shi ba. Dubban ɗalibai daga kowane sashe na Nijeriya suna rubuta Gubi a adireshinsu kowace shekara, kuma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa akwai harshe mai wannan suna. Masu iya shi da suka rage dattawa ne, kuma aikin naɗar maganarsu da tattara kalmominsu yana jiran sassan nazarin harsuna na jami'o'in da ke wannan yanki.